Shekarar Fararen Macizai

Da sunan Allah nake buɗe wannan babin, shi da ya san abin da bawa yake ɓoyewa ko da bawan bai furta ba. Na ba ku labarin ƙuruciyata a Funtuwa, na ba ku na karatu da na shekarun da na yi ina duba shanu a asibitin dabbobi, amma duk sanda na iso shekararmu ta ƙarshe a Doha sai in kashe rikoda in ce na gaji. Ba gajiya ba ce. Akwai maganar da na gaya muku a shekarar nan, ku ukun, Babangida da Hafsa da Auta, kuka riƙe ta, kuka girma da ita. Na ce muku mahaifiyarku ce ta raba ni da aikina, ta kuma jawo muka dawo gida. Maganar tana da gaskiya a bakin-bakinta, amma cikinta ƙarya ne, kuma ni na tsara ta haka da gangan.

Kun san aikin macizai nake yi, sai dai ba na jin ɗayanku ya taɓa sanin ainihin abin da aka ɗauke ni in yi. Kafil ɗina, wato mutumin da takardar zamanmu take ƙarƙashin sunansa, ana kiransa Abu Nasir. Dattijo ne mai sanyin magana, yana da gona a bayan Wakra, wani gari a kudu da Doha, can inda gine-gine suke ƙarewa rairayi ya fara. Akwai shaho a gonar, akwai barewa, akwai kuma wani dogon ɗaki marar taga sai guda ɗaya, cike da akwatunan roba jere bisa kanta tun daga ƙasa har sama da kaina. A kowane akwati akwai ƙaramar mesa irin ta ƙasashenmu, wadda ba ta da dafi, wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya. A gida manomi na ganinta zai ɗaga fartanya. A can kuwa mutane sun mayar da kiwonta abin alfahari, kuma abin da suke nema a jikinta launi ne. Asalin launinta baƙi ne da ruwan ƙasa, amma lokaci-lokaci Allah yakan fito da wadda ta bambanta: zabiya mai jan ido, ko mai ruwan toka da babu ɗigon rawaya a jikinta, ko mai farin dabbare kamar an zuba mata nono. Irin waɗannan kowa zai gane su. Masu wuyar su ne waɗanda bambancinsu bai wuce ɗan haske a gefen ciki ba, ko wani tabo a tsakar ka, alhali a jininsu suna ɗauke da abin da zai fito da 'ya'ya na ban mamaki in an haɗa su da abokin da ya dace. Gane waɗannan shi ne aikina.

Ɗan maciji ba ya nuna launinsa na gaskiya ranar da ya fasa ƙwai. Yakan fito a jiƙe, da wani ƙyalli mai yaudarar ido, sai ka haƙura kwana goma ko kusa da haka ya yi saɓar farko. Sannan ne nakan ɗauke shi in kai shi bakin tagar nan da hantsi, don hasken fitila maƙaryaci ne. In duba leɓensa, in duba ƙwayar idonsa, in kifar da shi in bi layin da ciki ya haɗu da haƙarƙari, in rubuta abin da na gani a jikin akwatinsa. Shekara takwas ina wannan, ban tuna ranar da na rubuta abu ya zamo ba shi ba. Masu kiwo daga wasu gonakin sukan kawo nasu in duba musu. Abu Nasir yakan ce wa baƙinsa idon Dakta ya fi na shahonsa. Ina jin daɗin maganar fiye da yadda ya kamata musulmi ya ji daɗin yabo.

Ciwon suga ya daɗe a jikina tun muna gida, ni kuma na daɗe ina yi masa riƙon sakainar kashi. A ƙarshen zafin shekarar da ta gabaci tahowarmu, sai na lura ruwan ƙwai da ruwan zuma sun fara zame mini abu ɗaya. Na goge tabarau, na canza wani, na sa aka wanke tagar. Bayan nan wani baƙin ɗigo kamar ƙuda ya fara yawo a idona na hagu. Akwai wani likitan ido ɗan Katsina, Dakta Lawal, da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, na je wajensa ba tare da na gaya wa kowa ba. Ya ɗiga mini magani, ya haska, ya daɗe yana kallon allon na'urarsa kafin ya juyo da kujerarsa.

“Jini ne yake tsattsafowa a bayan idon,” in ji shi. “Na hagun ya fi tsanani. In muka fara allura a watan nan, ina sa ran mu riƙe su biyun. Amma sai ka ajiye tuƙi, kuma kar ka tafi ka yi wata guda kana shawara.”

Na yi masa godiya, na karɓi takardar ranar dawowa, na ninke ta na cusa a aljihun mota. Allurar duk wata ake yi, ranar da aka yi kuma ba aiki. Wata na farko zan iya cewa zazzaɓi ne, na biyu in ce baƙi na yi, na uku fa? Ajiye tuƙi kuma yana nufin in roƙi Abu Nasir direba, shi kuwa zai tambayi dalili. Mutumin da aka ɗauka don idonsa ba ya zuwa ya ce idon ya samu matsala, haka na gaya wa kaina. Ke kuma Hafsa kina shekararki ta ƙarshe a sakandare, kina kan gaba a ajinku, burinki duk ya tattara a kan karatun likita a jami'ar can, zamanki kuwa a ƙasar yana rataye da nawa. Na ce bari in lallaɓa ki shiga jami'a tukuna. Wannan dalilin na riƙe shi sosai domin yana da kyan faɗa. Na ƙarƙashinsa, wanda ban faɗa wa ko kaina ba sai daga baya, shi ne ba na son a daina kirana mai ido.

Mahaifiyarku Rakiya ita ta fara ganewa. Muna zaune a benen nan na unguwar tsohon filin jirgi, wadda Larabawa ke kira Matar Ƙadim, ita kuma ta yi ta tsokana tana tambaya wane ne Ƙadim ɗin da matarsa ta samu unguwa guda. Ɗinki take yi wa matan 'yan Najeriya a falo, launi kuwa ta san shi kamar yadda ta san sunayenku. Wata safiya na fito da shuɗiyar hula a kan koriyar riga, ta dube ni, ba ta yi dariya ba. Ta jira kun fita makaranta, ta rufe ƙofa, ta ce in gaya mata gaskiya. Na gaya mata rabi. Na ce likita ya ce abu ne mai sauƙi, zai iya jira zuwa bazara. Sannan na roƙe ta abin da bai kamata in roƙa ba.

Ku ba ku san dalilin tsoronta da maciji ba. Ƙaninta da take goyo kububuwa ce ta sare shi a bakin rumbu suna yara, ya rasu a gabanta jini yana fita ta hancinsa. Ko sunan ba ta faɗa, igiyar ƙasa take cewa. Shekara takwas ba na shiga falonta sai na cire kayan aiki a bakin ƙofa na wanke hannu har gwiwa. Wannan matar ce na ce wa zan riƙa ɗauko hotunan 'ya'yan macizai a waya, ta duba ta gaya mini launinsu.

“Malam, zan yi,” ta ce. “Amma ka yi mini alkawari da zarar Hafsa ta gama jarrabawa za ka koma wajen likita.”

Na yi alkawarin. Kullum bayan la'asar, kafin ku dawo daga darasin ƙari, takan zauna a gefen keken ɗinkinta ta karɓi wayar da gefen mayafi, ta miƙe hannu nesa da jikinta kamar abin zai fito daga gilashin. Ta jera zarurruka a kan tebur tana kara su da hoton ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wannan ruwan goro ne da ya sha wanki, wancan gefen cikinsa yana da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa barkono, wannan kuma leɓensa ya fi na 'yan'uwansa fari. Ni in mayar da maganarta zuwa sunayen da masu kiwo suke amfani da su, washegari in rubuta a jikin akwati. Sau da yawa bayan mun gama ba ta iya cin abinci. Ina gani, ina yin kamar ban gani ba. Kuma aikin ya tafi daidai wata da watanni, har na fara jin kamar na samo dabarar da za ta ɗore.

Da sanyi ya shigo, lokacin da ake haɗa maza da mata, sai Abu Nasir ya sayo wata babbar mace daga Turai. Kyakkyawa ce, in ji duk wanda ya gan ta, mai siraran zane da haske a haƙarƙari. Yana so a haɗa ta da wani namiji da muke da shi. Shi namijin na san jininsa, ni na duba shi tun yana ɗan kwana goma. Yana ɗauke da wani launi da duk mai kiwo ya san ba a haɗa shi da irinsa, domin ɗan da ya gaji abin ta uwa da ta uba ba ya rayuwa. Takardar da ta zo da macen ta ce ita wani iri ce dabam, mai kama da nasa amma ba shi ba. Takardar 'yan kasuwa ba abin dogaro ba ce, don haka ne ma ake da mutum irina. Bambancin irin biyu yana a inuwar kai da wasu ƙananan ɗigo a gefe, abin da a da zan gane kafin in gama ɗaga murfin akwati. Na kai ta bakin taga, na juya ta, na sake juyawa, ban ga komai ba sai hazo. Na ɗauki hotuna kusan ashirin na kai gida. Rakiya ta daɗe a kansu fiye da kullum, sannan ta ajiye wayar.

“Wannan ban gane ta ba. A hoton nan kan ya yi haske, a wancan ya yi duhu. Ka nemi mai ido ya duba ta a fili.”

Kalmar mai ido ce ta ƙona ni. Na ɗaga mata murya, abin da ba na yi, na ce ban tambaye ta shawara ba. Washegari na rubuta a jikin akwatin cewa takarda ta yi daidai, na ɗauki namijin na sa mata.

Ta yi ƙwai shida a farkon zafi, muka sa su a na'urar ƙyanƙyasa. Wata biyun da suka biyo baya su ne watannin da kika gama jarrabawa, Hafsa, sakamako ya fito, takardar jami'a ta zo. Kin tuna shinkafa da kifin da Ummanku ta dafa ranar, da maƙwabta 'yan Sudan da suka shigo taya murna. Bayan baƙi sun watse ta tuna mini alkawarina. Na ce bari ki fara zuwa aji tukuna, wata biyu ne kawai. A lokacin idona na hagu ya riga ya zama kamar ana kallo ta cikin ruwan kunu.

Ƙwan suka fashe a tsakiyar zafi, lokacin da ko tsuntsu ba ya tashi da rana a ƙasar nan. Huɗu suka fito yadda ake tsammani. Biyu suka fito farare, farin da ko ni da raunin idona na gan shi, mai ɗan sheƙi kamar cikin ƙwaryar ƙwai. Abu Nasir ya zo da sauri har bai tsaya ɗaura igiyar rawaninsa ba. Da yake kakansa mai nutson neman lu'ulu'u ne a teku, sai ya ce waɗannan ma lu'ulu'u ne, ya yi ta ɗaukar hoto yana aika wa abokansa. Ni kuwa na sa hannu na ɗauki ɗaya. Lafiyayyen ɗan mesa in ka ɗora shi a tafin hannu yakan dunƙule, ka ji ƙarfinsa kamar yatsa ya naɗe maka yatsa. Wannan sai ya mirgine ya kwanta ciki sama, kansa yana murɗawa baya yana karkarwa. Na gyara shi, ya sake kifewa. Na ɗauki na biyun, haka. A nan na san macen irin namijin ce, na san kuma ni na yi wannan da hannuna. Abu Nasir yana tsaye a gefena yana tambaya wane suna za mu rubuta, na ce mu jira saɓar farko.

Ba su kai saɓar ba. Ɗaya ya mutu a kwana na huɗu, ɗayan ya yi mako guda yana juyi a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ko ruwa ba ya iya kai bakinsa. Kullum in zo da safe in same shi a kife in gyara shi. Na yi shekara talatin ina ganin mutuwar dabbobi, amma ban taɓa ganin wadda aka haifa don ta sha wahala kawai saboda girman kan mutum ɗaya ba. Na binne su a bayan dabinon da ke kusa da rijiya. Da Abu Nasir ya tambayi dalili, na ce zafin na'urar ne ya yi ta hawa da sauka. Ya yarda, domin bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ya sa aka kawo sabuwar na'ura, ya ce in sanyi ya dawo mu sake haɗa su. Na ce to.

Na ba Rakiya labarin mutuwarsu, ban san me ya sa ba, wataƙila don ba ni da wani wanda zan gaya wa. Ta tambaye ni ko zan sake haɗa iyayen, na tashi na shige ɗaki.

Ranar Juma'ar makon da ya biyo na ɗauki Auta da safe muka tafi bakin ruwan Wakra sayen kifi. Auta, kina da shekara bakwai, kina zaune a kujerar baya kina waƙar makaranta. A wani shatale-tale na shiga ban ga shingen kankare da ke hagu ba, domin hagu ta riga ta daina wanzuwa a wajena. Motar ta daki shingen ta goga, kika wuntsulo goshinki ya bugi ƙarfen kujera. Tabon da ke saman girarki na dama ke nan. Mun gaya miki a bene kika faɗi, ba a bene ba ne. Na kawo ki gida da ɗinki uku, na ce wa Ummanku wata mota ce ta matse ni. Ta sauka ƙasa ta zagaya motar, ta dawo ta wanke miki jinin da ya bushe a kunne. Ranar ba ta yi mini magana ba, washegari ma haka.

Ranar Lahadi da hantsi ina ɗakin macizai, Abu Nasir yana tare da ni muna maganar abincinsu, sai na ji tsayuwar mota a waje. Ƙofa ta buɗe, na ji sallamar da na sani. Tasi ta ɗauko tun daga gida ita kaɗai, ita da ba ta taɓa taka gonar ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, akwatuna ɗari da wani abu a dama da hagu, ina jin numfashinta daga inda nake. Sannan ta tako ta shigo har tsakiyar ɗakin. Da Larabcinta na Islamiyya, kalma ɗaya-ɗaya, ta yi magana.

“Ya Abu Nasir, mijina ba ya gani. Wata goma ke nan ni nake gaya masa launin dabbobinka a waya. Likita ya ce a yi masa allura, ya ƙi. Shekaranjiya ya kusa kashe mana 'ya.”

Na fara magana, na ce mace ce, hankalinta ya tashi saboda hatsarin. Abu Nasir bai dube ta ba, bai kuma katse ni ba. Da na gama sai ya sa hannu a aljihu ya ciro carbi, ya ɗaga shi taku uku daga fuskata, ya tambaye ni launinsa. Shekara takwas ina ganinsa da carbi ruwan zuma, don haka na ce ruwan zuma. Daga baya Rakiya ta gaya mini kore ne, sabo. Ya mayar da shi aljihu a hankali.

“Khalas, shi ke nan, Dakta,” ya ce. “Ba ni makullin mota.”

Bai zage ni ba, bai tambaye ni maganar fararen nan biyu ba, ko da yake na san ya haɗa lissafin a take. Ya sa direbansa ya kai mu asibiti kai tsaye. Ya bar takardar zamanmu wata uku don in samu a fara magani, wannan kuwa alheri ne da ban cancanta ba. Amma aiki ya ƙare. Mutumin da ya yi maka ƙarya a kan abin da ka ba shi amana ba ka sake ba shi, ni ma da ni ne haka zan yi.

Dakta Lawal ya duba ni ranar. Ya ce na hagun ya tafi, babu abin da allura za ta dawo da shi. Na daman za a iya riƙe abin da ya rage. Ya ce da an ƙara wata biyu, da shi ma ya bi ɗan'uwansa. A gaban Rakiya ya faɗa, da Hausa, yana kallonta. Wannan maganar ban kawo muku ita gida ba.

Abin da na kawo muku shi ne wanda kuka sani. Da la'asar na tara ku a falo, na ce Ummanku ta je ta kai ƙarata wajen kafil, an sallame ni, ku fara haɗa kaya. Na ce idona ɗan ciwo ne da za a iya magancewa a asirce da an bar ni. Ban faɗi wata goman ba, ban faɗi hotunan ba, ban faɗi shingen kankaren ba. Babangida ya tashi ya fita. Ke Hafsa kika juya wajenta.

“Umma, wata biyu fa ya rage in fara. Ba za ki iya jira ba?”

Tana ninke wani yadi a lokacin. Ta ci gaba da ninkewa. Na zauna ina jira ta tona ni, har na shirya abin da zan ce in ta yi, amma ba ta yi ba. Ta kai yadin cikin akwati, ta shiga kicin ta ɗora tukunya.

Sauran kun san shi, sai dai kun san shi ta gefenku. Gurbin jami'ar ya tafi da tafiyarmu. Hafsa ta yi shekara biyu a Kaduna tana jiran a ɗauke ta, a ƙarshe ta karanta abin da ba shi take so ba. Ni daga gefena abin da na gani shi ne yadda kuka janye daga mahaifiyarku a hankali, ba da rashin kunya ba, domin ba ta haifi marar kunya ba, sai dai da gajeriyar gaisuwa. Hafsa takan kira wayata mu yi rabin awa muna hira, in miƙa wa Ummanta, kafin in gyara zama har sun yi sallama. Babangida in ya aiko da saƙo ta hannuna yake bi. Da aka zo bikin Hafsa, shawarar kaya da ƙanwata aka yi ta, matar da ta ɗinka wa rabin matan Najeriya da ke Doha kayan biki tana zaune ana nuna mata abin da aka riga aka zaɓa. Duk ina nan. Ita ce take ɗiga mini magani, take auna mini suga, take yi mini allurar safe, take riƙe hannuna zuwa ƙofar gida in za ni masallaci. Ku kuma kuna tausayina, kuna ganin ni ne aka zalunta, ni kuwa ina karɓar tausayin ina jin ɗuminsa. Sau da yawa na yi niyyar magana. Duk shekarar da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi, domin ba ƙaryar farko kaɗai zan amsa ba, har da shirun da ya biyo ta.

Da ciwon ƙodarta ya tsananta aka kwantar da ita, wata rana da azahar kun fita neman magani, muka rage mu biyu a ɗakin. Na laluba na kamo hannunta, na ce ta yafe mini. Na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya, me ya hana ta faɗa muku gaskiya tun ranar.

“Uba ɗaya gare su,” ta ce. “Ka rasa ido, ka rasa aiki a yini guda. Da na ƙara maka da su, da me za ka tashi?”

Ta huta kaɗan, sannan ta matse mini yatsu da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

“Ni na yafe tun muna can, Malam. Amma ka gaya wa Hafsa. Ba don ni ba, don ita. Riƙon nan yana cinta.”

Na ce in kun dawo zan faɗa. Kuka dawo da ledar magani, Hafsa ta zauna a bakin gado tana gyara mata filo, na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayar ko an samu maganin duka. Na ce a raina gobe. Kwana biyu bayan nan Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki na ji Hafsa tana kuka tana cewa ta yafe wa Umma, mutane suna yaba mata, ni ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa.

Shekara uku ke nan. Hafsa, babu abin da za ki yafe mata, ba ta yi miki komai ba. Ɗan hasken da nake ganin fuskokin 'ya'yanki da shi, ita ta shiga ɗakin nan ta ƙwato mini shi. Karatunki ni na ci shi, goshin Auta ni na fasa shi, shekarun da kuka yi kuna gaishe ta a tsaye ni na sa ku. Ba na roƙonku ku yi mini uzuri, kuma duk wanda ya ga ba zai iya zuwa gaishe ni ba na wani lokaci, ba zan riƙe shi ba. Abin da nake roƙo ɗaya ne. In kun ɗaga hannu za ku yi mata addu'a, ku yi ta kuna sane da ko wace ce kuke yi wa. Allah ya jiƙan Rakiya, ya haskaka kabarinta, ya ba ta abin da ni na hana ta a duniya.